Wa Ke Biyan Kuɗin Lambatu? Tarihin Bashi da Magudanan Ruwa Daga Baitulmalin Katsina Zuwa Dutsin-Ma da Kurfi

Mai karatu, idan ka taɓa kasancewa a Dutsin-Ma ko Kurfi ranar da aka tafka ruwa a watan Agusta, ka san abin da ke biyo baya. Kafin a yi minti ashirin lambatun bakin titi ya cika ya tumbatsa. Leda da robobin lemo da yashi sun toshe bakin kwalbati, ruwa ya hau titi, ya bi lungu, ya shiga zauren wanda gidansa ke gangare. Da an ɗauke kuma sai ka ji maganar da aka saba: gwamnati ta ƙi zuwa ta gyara.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, in gwamnatin ta zo, da kuɗin wa za ta yi aikin? A manyan ayyukan magudanan ruwa da aka yi a Jihar Katsina cikin shekarun nan, kaso mai yawa na kuɗin bashi ne. Kuma kai kana cikin masu biya, ko aikin ya zo ƙofar gidanka ko bai zo ba.

Ni dai fannina ruwa ne, ba tattalin arziki ba. Amma duk lokacin da na bi sawun ƙazantar da ke shiga rijiya, sai in tarar ta kai ni ga maganar kuɗi. Shi ya sa yau nake so mu bi tarihin nan tare: yadda aka riƙa biyan kuɗin kwashe ruwan sama a ƙasar Katsina, da yadda aka wayi gari wanda ke cin bashin daban, wanda ke biya daban, wanda ya kamata ya yashe lambatun kuma daban.

Abin da ruwan ke ɗauke da shi

Bari mu fara da ɗan lissafi. In aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. To ɗauki gida mai rufin kwano, mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, zai zubo da lita 3,000 daga wannan rufi kaɗai, wato duro 15. Yanzu ka ƙirga gidajen unguwarku. A gona ko daji ƙasa na shanye kaso mai yawa. A kan kwano da siminti da kwalta kuwa, kusan duka gudu yake yi, kuma a lokaci guda. Dutsin-Ma tana da ƙarin wani abu: garin na zaune a kan tsohon dutse mai tauri, wanda shi ne kake gani ya ɓullo sama a wurare. Inda fa yake kusa da saman ƙasa, ruwa ba ya samun wurin nutsewa sosai.

Bayan yawan ruwan, akwai kuma abin da ya kwaso. Ruwan farko bayan dogon rani shi ya fi datti, domin yana wanke duk abin da ya taru tun kaka: kashin dabbobi, bayan gidan da aka yi a fili, baƙin mai daga garejin makanikai, jini da ƙazantar mayanka, toka da shara. A garuruwanmu babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar bayan gida zuwa wurin tacewa, irin wanda ake da shi a wasu sassan Abuja. Abin da muke da shi masai ne da sokawe da buɗaɗɗen lambatu. Idan ruwa ya yi yawa masai ya cika, abin da ke ciki sai ya haɗu da ruwan titi, ya gangara rijiyar da ba ta da murfi ko wadda bakinta ya tsage. Ta nan kwalara da taifot ke samun hanya. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A watannin damina ne cutar ta fi ƙamari. Ka ga kenan maganar lambatu maganar lafiya ce kai tsaye.

Zamanin kududdufi da gayya

Kakanninmu ba su ci bashi don kwashe ruwan sama ba, amma suna da tsari. Gidan ƙasa da ƙasar unguwa ake gina shi. Ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar shi ke zama kududdufi. Ruwa ya sauko ta indararo, ya fita ta rariya, ya bi lungu ya taru a kududdufi. A can zai kwanta, laka ta zauna a ƙasa, wani ya nutse ya ƙara wa rijiyoyin kusa ruwa, wani rana ta shanye. Da rani a sake ɗibar lakar a yi yaɓe, wanda hakan kansa yasa ce. Gyaran hanyar ruwa kuwa aikin gayya ne, mai unguwa ya sa rana, kowane gida ya ba da mutum.

Kada mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Kududdufi gidan sauro ne, ana ɗaukar tsargiya a cikinsa, kuma yara sun sha halaka a ciki. Amma lura da abu ɗaya: wanda ruwan zai ci gidansa, shi ne mai aikin, shi ne mai biya da ƙarfinsa. Babu wanda zai jira wani ya zo daga nesa.

Kududdufin da ke bayan gidanmu ina yaro, yau shaguna ne a wurin. An cike shi da shara, an zuba ƙasa, an yi gini. Ruwan da yake tarawa bai daina sauka ba, sai dai yanzu cikin gidajen da ke ƙasa da shi yake kwana. Na tabbata kai ma ka san irin wannan wuri a garinku.

Yadda Landan ta ci bashi

Turawan da suka karɓe Katsina a 1903 sun fito ne daga ƙasar da ba ta daɗe da koyon darasi mai ɗaci a kan wannan magana ba. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙazantar birnin Landan cikin kogin Tems take zuba, kuma daga kogin mutane da yawa ke shan ruwa. Kwalara ta kashe dubbai. A 1854 wani likita, John Snow, ya bi sawun masu mutuwa a wata unguwa har ya gano cewa famfo ɗaya suke sha. A zafin 1858 kogin ya yi warin da ya hana 'yan majalisa zama cikin natsuwa, domin majalisar a bakin kogin take. Cikin 'yan makonni suka yi dokar da ta ba hukumar ayyukan birnin izinin cin bashin fam miliyan 3. Injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranci gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa masu tsawon fiye da kilomita 130, waɗanda har yau ana amfani da su.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda aka tsara biya. Dokar ta ɗora wani ƙaramin haraji a kan gidajen birnin na tsawon shekara 40, don biyan wannan bashi takamaimai. Hikimar a fili take. Magudana aba ce mai tsada a rana ɗaya, amma tana aiki shekara hamsin ko ɗari. Ba adalci ba ne a ce mutanen shekara ɗaya su biya duka, alhali jikokinsu ma za su amfana. Bashi mai dogon zango yana raba nauyin a kan duk waɗanda za su ci moriyar. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Birane ma haka suke. Amma a Landan birnin da ya ci bashin shi ke biya, kuma hukumar da ta gina ita ke kula.

Baitulmali da duba-gari

A nan gida, Turawa ba su kawo irin wancan aiki ba. Tsaftar da ta fi damunsu ta barikinsu ce, har suka sa dokar barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa don gudun sauro. Cikin gari kuwa sai aka bar wa En'e.

Amma a Katsina aka fara wani abu mai muhimmanci ga labarinmu. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau sarauta a 1906, shi da jami'in Turawa H. R. Palmer suka kafa Baitulmali, asusun da ake zuba kason En'e na haraji da jangali, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a biya ma'aikata albashi, a yi ayyuka. Daga Katsina tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Harajin da talakan ƙasar 'Yandaka a Dutsin-Ma da na ƙasar Maraɗi a Kurfi ya biya ta hannun dagaci da hakimi, wani kaso nasa a wannan asusu yake ƙarewa. Daga ciki ake biyan duba-gari, wanda tsofaffi har yau suke tuna yadda yake leƙa randa yana neman tsutsar sauro, ya ci tarar mai gida in kwatarsa ta yi datti.

Salon En'e shi ne a tara sannan a gina. Babban misali shi ne Kano, inda En'e ta yi amfani da ajiyarta ta kawo wa birni ruwan famfo da lantarki daga Challawa, aka buɗe a 1931. Sai a 1946 aka kafa hukumar da En'e-En'e za su iya neman rance a wurinta don ayyukan raya ƙasa, daga baya kowane yanki ya samu tasa.

Wannan tsari yana da zalunci a cikinsa. An karɓi haraji da bulala, an sa mutane aikin tilas, an kai rarar kuɗin Baitulmali ajiya Ingila alhali ƙauyuka ba rijiya. Duk da haka, kuɗin daga ƙasar yake fitowa, kuma kowa ya san ƙofar da zai je in kwalbati ya karye.

Lokacin da kuɗin ya koma zuwa daga sama

A 1976 gwamnatin soja ta yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi, En'e ta kau, Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Kurfi ta samu tata daga baya. A 1979, lokacin garuruwan biyu suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Abdulkadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawa sun yi murna, kuma da hujjarsu, domin an daɗe ana shan wuya a hannun masu karɓa. Ga kuma kuɗin man fetur yana shigowa, ana ganin zai ishi kowa.

Daga nan ƙaramar hukuma ta koma dogara kacokan a kan kason da ake turowa daga asusun tarayya. Amma nauyin bai bar kanta ba. Tsarin Mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara da ƙazanta, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ya kuma ba ta ikon ƙiyasta gidaje don ɗora musu haraji. Sai dai kasonta yana biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma albashi ke cinye mafi yawan abin da ya iso. Hukumar da ba ta da tabbacin abin da zai shigo mata wata mai zuwa, wa zai ba ta bashin shekara ashirin?

Gwamnatin Tarayya ta yi ƙoƙarin cike giɓin. A 1981 ta kafa asusun kula da muhalli don zaizayar ƙasa da ambaliya. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin Janar Buhari ta kawo tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, wadda za ka iya cewa gayya ce da soja ke kira. A 1992 aka kafa bankin raya birane don ba jihohi da ƙananan hukumomi rance. Duka dai daga sama suke zuwa.

Zobe da zuwan Bankin Duniya

Madatsar ruwa ta Zobe, kusa da Dutsin-Ma a kan kogin Karaduwa, ita ce babbar shaidar wancan zamani a yankin. An kammala ta a 1983, zamanin Shehu Shagari, tana iya riƙe fiye da kubik mita miliyan 170 na ruwa. Kubik mita ɗaya duro biyar ne. An gina ta don noman rani da ruwan sha. Amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Dutsin-Ma ya buɗe kashin farko na aikin ruwan sha na Zobe. Shekara 38 kenan ruwa yana kwance, mutanen da ke kusa da shi suna saye a hannun 'yan garuwa. An samu kuɗin babban gini lokacin da mai ke tsada, kuɗin ƙarasawa da kulawa ne ya gagara.

Zobe tana da alaƙa da maganar lambatu ta wata hanya kuma. Duk yashi da taki da ƙazantar da ruwan sama ya kwaso daga garuruwa da gonakin da ke sama da madatsa, cikinta suke ƙarewa. Yashi na rage mata zurfi. Datti kuma na ƙara yawan alam da sinadarin kulorin da za a saya kafin ruwan ya shawu. Abin da aka ƙi kashewa wajen tare ƙazanta a gari, ana kashe shi a matatar ruwa.

Da kuɗin mai ya ja baya, sai bashin waje ya ƙara shigowa. Najeriya ta fara cin bashin Bankin Duniya tun 1958, dala miliyan 28 don kai layin dogo Maiduguri. A tsakiyar shekarun 1970 bankin ya ba da rancen shirin bunƙasa noma na Funtuwa. A 1992, shekara biyar bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, ya ba da rancen gyaran ruwan famfo da ya shafi Katsina da Kaduna. Lura da irin ayyukan: jirgin ƙasa yana da tikiti, gona tana da amfani, famfo yana da bil. Lambatu ba ya kawo ko kwabo. Ribarsa ita ce gidan da bai rushe ba da yaron da bai kwanta asibiti ba, kuma waɗannan ba sa shiga asusun kowa. Shi ya sa kullum shi ne na ƙarshe a layi.

Daren Jibiya

A tsakiyar watan Yulin 2018 aka yi ruwa cikin dare a Jibiya. Kafin gari ya waye fiye da mutum 40 sun rasu, ɗaruruwan gidaje sun lalace. Wannan dare ya sa maganar hanyoyin ruwa a cikin gari ta zama ta gaba-gaba a jihar.

A lokacin akwai shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2012 da rancen dala miliyan 500, ya ƙara miliyan 400 a 2018. An fara shi ne don manyan ramukan zaizaya na kudu maso gabas, daga baya jihohin Arewa suka shiga, har da Katsina. A ƙarƙashinsa aka gina manyan magudanan ruwan sama a Jibiya da birnin Katsina da Funtuwa da Malumfashi. Da ya ƙare a 2022, sai shirin ACReSAL ya biyo baya, na dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja.

Sau da yawa a rediyo za ka ji an ce "tallafin Bankin Duniya". Mafi yawan wannan kuɗi rance ne. Rance ne mai sauƙi dai, kuɗin ruwansa kaɗan, ana ba da wasu shekaru na sarari kafin a fara biya, sannan a biya cikin shekaru gommai. Ga yadda yake tafiya. Jiha ba ta da ikon cin bashin waje da kanta. Gwamnatin Tarayya ke sa hannu, ta miƙa wa jiha, jiha ta ƙara nata kason. In lokacin biya ya yi, tun a Abuja ake cirewa daga rabon jihar kafin ya iso Katsina. Wato kuɗin da za a yi wa duka ƙananan hukumomi 34 aiki da shi ne ke raguwa. Mai shago a Kurfi yana cikin masu biyan lambatun Funtuwa. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, ai jiha ɗaya ce, kuma Jibiya ta cancanci a fara da ita. Amma yana ba shi haƙƙin tambaya.

Akwai kuma haɗarin da ba a faɗa ranar bikin buɗe aiki. Bashin da kuɗin waje ake biyan sa, jihar kuwa naira take samu. A 2012 dala ɗaya tana wajen naira 157. A 2024 ta haura naira 1,500. Dala miliyan 1 da aka karɓa tana daidai da naira miliyan 157, a 2024 sai an nemi kimanin naira biliyan 1.5 kafin a mayar da ita. Ba yau aka fara ba. A 1985 dala ba ta kai naira ɗaya ba, kafin 1993 ta kai wajen naira 22, basussukan da aka ci da arha suka zama kaya. Sai a 2005 ƙasashen ƙungiyar Paris suka yafe wa Najeriya kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12.

Sai babbar matsalar: rancen yana biyan gini, ba ya biyan yasa. In shiri ya ƙare, ofishinsa ya rufe, injiniyoyi su tafi. Lambatun da yashi ya cike rabinsa ba rabin ruwan da aka tsara masa yake ɗauka ba, ƙasa da rabi ne, domin ruwan yana rage gudu in hanya ta ƙuntata. Damina uku ko huɗu ba yasa, aikin ya koma kamar ba a yi ba, bashin kuwa ko fara biyan sa ba a yi ba.

Adashin magudanan ruwa

Ko akwai wata hanya? Amurka ta gwada ɗaya. Daga 1972 gwamnatin tarayyarsu kyauta take ba garuruwa don gina matatun ƙazanta. A 1987 ta canza salo. Ta zuba jari a wani asusu a kowace jiha, jihar ta ƙara dala 20 a kan kowace dala 100. Gari mai son gyara bututun ƙazanta ko tace ruwan sama sai ya ranta daga asusun da kuɗin ruwa kaɗan, ya biya cikin shekara 20 ko 30. Abin da ya biya asusun yake komawa, a ranta wa wani gari. In ka san adashi ka gane tsarin: yau kai ka ɗauka, gobe zubinka wani zai ɗauka. Bashin da kuɗin ƙasarsu ne, kuma kafin a ba gari sai ya nuna inda zai samo abin biya, galibi kuɗin wata-wata da gidaje ke bayarwa. Wasu garuruwan ma gwargwadon faɗin rufi da simintin gidanka ake cajinka, tunda shi ne gwargwadon ruwan da kake turo wa maƙwabta.

Na san wani zai ce, to maganar riba fa? Tambaya ce mai kyau, kuma an riga an buɗe hanya a ƙasar nan. A 2013 Jihar Osun ta tara naira biliyan 11.4 ta hanyar sukuk ta gina makarantu. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta tara naira biliyan 100 ta wannan hanya don tituna. A sukuk masu zuba kuɗi su ne masu kadarar na wani lokaci, gwamnati tana biyan su haya har ta mallake ta. Da naira ake yi, kuma kuɗin a ɗaure yake da aikin da aka ambata. Abin da aka yi wa titi ana iya yi wa magudana.

Ta fuskar kimiyya ma akwai hanyar rage tsada. Lambatun siminti ba ya tace komai, gaggawar tura dattin ga na ƙasa da kai kawai yake yi. Shi ya sa injiniyoyi a ƙasashe da yawa yanzu suke gina tafkunan tare ruwa a cikin gari: ruwan ya tsaya, laka ta kwanta, hasken rana ya kashe wasu ƙwayoyin cuta, ciyayi su tsotse taki, sannan a sake shi a hankali cikin kwana biyu ko uku, kafin sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, wanda ke ɗaukar sa wajen mako guda ko fiye. Kududdufi ne dai, amma mai shinge da mafita. Garuruwa irin su Kurfi da har yanzu ke da sauran filayen kwari, hana gini a cikinsu ya fi araha nesa ba kusa ba a kan cin bashin fasa gidaje nan gaba. Dutsin-Ma kuwa, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 da kuma mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro cikin gari, gine-gine na ƙaruwa da sauri, lokacin yin hakan yana ƙurewa.

Me ya rage gare mu?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, amma in ta tabbata, a karon farko cikin shekaru masu yawa hukumar da doka ta ɗora wa lambatu za ta iya riƙe kuɗin da za ta yi alkawari da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙaramar hukumar da ta ware wani abu tabbatacce duk shekara don yasa, ta rubuta, ta nuna wa jama'a, ita ce za ta iya neman rance da ƙarfin gwiwa, kuma ita ce mutane za su yarda su ba ɗan abin da aka ɗora musu. Ba wanda zai biya harajin gida alhali yana kallon kwalbatin ƙofarsa a toshe shekara uku.

Kafin nan, ga abin da kai za ka iya. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, wanda aka kafa a 2000, yana wallafa bashin kowace jiha a intanet, na gida da na waje. Ka duba na jiharka. Kuma duk ranar da aka zo unguwarku da allon sabon aikin magudana, ko ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ka yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi: Kuɗin nan kyauta ne ko rance? Da naira ko da dala? Shekara nawa za a yi ana biya, kuma daga wane asusu? Wa zai yashe shi bayan an tafi, kuma nawa aka ware masa? Ruwan da zai kwasa, a ina zai zube, kuma su wa ke sha a can?

In ka samu amsa, ka rubuta ta ka ajiye, ka gaya wa mai unguwa da limami da matasan layinku. Sannan kafin ruwan farko na bana, ku leƙa bakin kwalbatin da ke kusa da ku, ku ga yawan yashin da ke ciki.